Bargon Ƙyallaye a Kan Baƙin Keke: Kira ga Masu Koyo a Onklou

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan sauko arewacin Jamhuriyar Benin da hazo da tsagewar leɓe. Rana na da zafinta, amma sanyin asuba kan ratsa jiki, har ka ga mutane sun kewaye wuta a bakin hanya kafin kowa ya kama gabansa. A Onklou, ɗaya daga cikin gundumomi 12 na ƙaramar hukumar Djougou a jihar Donga, lokacin ne uwa ke lalube cikin akwati tana neman abin da za ta ƙara wa yara a kan zanin rufa. Lokacin ne kuma manyan motoci ke bin titunan arewa maƙare da auduga fara fat, suna nufar masana'antun gurza, iska na fizgar ta tana maƙala wa ciyawar gefen hanya.

Benin na cikin ƙasashen da suka fi noman auduga a Afirka. A kakar 2021 zuwa 2022, abin da ta girbe ya haura tan 700,000. Mafi yawanta ɗanya take fita ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kuma Bangladesh ce babbar mai saye. Abin rufar da ake samu a kasuwar Djougou ko ta Arzeke a Parakou kuwa, galibi ko dai bargon roba ne daga Sin, ko gwanjon da ya ƙetaro teku cikin dila. Ba a ganin laifin mai saye, iya kuɗinka iya shagalinka. Sai dai akwai bargon da gida zai iya yi wa kansa, kuma kayan haɗinsa suna nan zube a ƙasa.

A tsaya a ƙofar shagon tela da yamma, musamman ana saura mako biyu Sallah. Ƙarƙashin keke ba a ganin siminti. Ga guntun atamfa mai zanen ganye, ga shadda ruwan toka da aka fitar daga wuyan riga, ga doguwar tsiri da ta rage bayan an yanke ƙafar wando, ga wani yadi ɗan tafin hannu da aka yi wa alama da alli aka fasa amfani da shi. Yaron shago ya share ya cusa a buhu. Kaɗan a cikinsu za su shiga matashi, sauran juji za a kai su ko a cinna musu wuta. Yadi ne sabo, an biya kuɗinsa, ko wanki ɗaya bai sha ba.

Abin da nake kira a koya bai wuce wannan ba: a haɗa ƙyallayen nan su zama fuska guda, a shimfiɗa wani abu mai laushi a tsakiya, a sa yadi ɗaya a baya, sannan a bi su ukun da ɗinkin keke layi layi har su zama jiki ɗaya. Duk wadda ta iya taka keke ta ɗinka gefen zani, ta riga ta iya rabin aikin.

Ba baƙon aiki ba ne

Wasu na ɗauka wannan sana'ar Turawa ce, don a waya suka fara ganinta. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifidi, su da dawakinsu lulluɓe cikin kaya masu kauri, ja da kore da rawaya. Lifidi yadi ne biyu da aka cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, aka bi da ɗinki don kada cushen ya zame ya taru wuri guda. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ake ƙiyasta ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Kaurin da ya tare kibiya a fagen fama, shi ne dai yake tare sanyi a kan gado. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskancewa, kuma lifidi na cikin abin da baƙi ke zuwa kallo.

Ƙasar Djougou ma ta daɗe da sanin tufa. Tana kan tsohuwar hanyar fataken goro da ta tashi daga ƙasar Hausa ta ratsa Borgu ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. A da, ayari kan yada zango a nan ɗauke da tufafin Kano da kanwa da kayan fata, ya dawo da goro. Daga kudu kuwa, masu ɗinkin fadar Abomey sun shahara da yanka ƙyalle su ɗora a kan ƙyalle, su fitar da tambarin kowane sarki na Dahomey, kuma har yau ana yi ana sayarwa. Mai koyo a Onklou tana zaune ne tsakanin waɗannan gado biyu. Abin da ya ƙaru a hannunta keke ne kawai, wanda zai yi mata cikin sa'a guda aikin da allura za ta kwana tana yi.

Tsoron da waya ta kawo

Babban abin da ke kashe wa mai koyo gwiwa shi ne hotunan da take gani a intanet. Mace a Amurka ko Faransa, ɗaki guda na ɗinki kawai, keke mai kwamfuta, wani ma tsawonsa ya kai faɗin ɗaki, zanen furanni na fita kamar an buga da inji. Sai ta waiga ta kalli baƙin kekenta na Butterfly da bel ɗinsa ya sha ɗauri, ta ce wannan ba aikinmu ba ne.

Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Baƙin keken nan, wanda aka kwaikwayo ƙirarsa daga tsoffin kekunan Singer, ƙarfe ne zalla, kuma miƙaƙƙen ɗinki ɗaya da ya iya shi ne duk abin da bargo ke bukata. Ba ruwansa da ɗauke wuta. Mai takawa ce ke da iko da gudunsa, tana iya tafiya allura ɗaya ɗaya in ta zo wuri mai kauri, abin da keken lantarki kan gagari sabon hannu. Tun 1851 Isaac Singer ya yi rajistar kekensa, kuma shekaru masu yawa kafin wutar lantarki ta shiga ƙauyukan Amurka, da irin wannan keken na ƙafa matan can suke haɗa fuskar bargunansu.

Sauran kayan aikin duk na gida ne: almakashi mai kaifi, tef ɗin awo, alli ko guntun sabulun da ya sirance, dutsen guga ko da na gawayi ne, filoli masu maƙulli, da kwali ɗaya da za a yanka ya zama ma'auni.

A fara da ƙarami

'Yar'uwa, kada bargon gadonki ya zama aikinki na farko. Ki fara da shimfiɗar jariri, ko abin ɗora tukunya mai zafi, ko rigar matashi. Ƙaramin aiki ana gama shi, kuma wadda ta gama ɗaya ita ce ke komawa ta fara na biyu. Manyan ayyuka da yawa a cikin leda suke ƙarewa, rabi a ɗinke.

Ga lissafin shimfiɗar jariri. A yanka kwali murabba'i, santimita 12 kowane gefe. A ɗora shi a kan ƙyalle a zana a yanka, har a sami guda 63. In aka bar santimita 1 na ɗinki a kowane gefe, kowane murabba'i zai koma santimita 10. A jera bakwai a layi, layi tara, sai a sami shimfiɗa mai faɗin santimita 70 da tsawon 90. Kafin a taɓa almakashi dai, a wanke ƙyallayen duka, a ware masu zuba. Atamfa ja da shuɗi mai duhu su suka fi yin wannan ta'asa, kuma yadin auduga kan ɗan tsuke a wankin farko. Gara ya tsuke yanzu da ya tsuke bayan an gama. A kuma haɗa masu nauyi ɗaya: atamfa da atamfa, shadda da shadda. Leshi da yadi mai talewa a ajiye su gefe tukuna.

Sai a baza su a tabarma a yi ta sauya musu wuri har ido ya gamsu. Wannan shi ne wurin da ya fi daɗi a aikin, kuma yara kan so a bar su su sa hannu. Dabara ɗaya da ba ta ba da kunya ita ce a riƙa bin mai duhu da mai haske. A haɗa layi layi, kowane ɗinki a kwantar da shi da guga kafin a ɗora na gaba. Gugar nan ita ce ake yawan tsallakewa, kuma ita ce ke raba aikin da ya kwanta da wanda ya yi tudu da kwari.

Me za a sa a tsakiya?

Ga mai farawa, abin da ya fi sauƙi shi ne tsohon bargo marar kauri, ko tsoffin zannuwa biyu da suka yi laushi, ko babban tawul. Ba sa zamewa, ba sa dunƙulewa a wanki, kuma keke na wucewa a kansu ba gardama. Akwai auduga ta roba da ake sayarwa a mita a manyan kasuwanni. Tana da sauƙin nauyi, amma a sani ita da soso narkewa suke yi in garwashi ya taɓa su, kuma a hunturu kasko ba ya nisa da shimfiɗa.

Audugar gona tana da ɗumi da daɗin jiki, amma tana son haƙuri. Dole a cire gurya tas, don man da ke cikinta kan fito ya ɓata yadi, kuma allura na iya karyewa a kanta. Sai a shiɓe ta ta tashi, a shimfiɗa ta sirara sirara, kauri ɗaya ko'ina. Tsofaffin da suka yi kaɗi a ƙuruciyarsu sun san wannan aikin fiye da kowa. A je a durƙusa a ce, Inna, a nuna mini. In da ita aka yi, kada tazarar layukan ɗinki ta wuce santimita 5, in ba haka ba wankin farko zai tara ta curi curi. Audugar rimi kuwa a bar wa katifa da matashi, santsinta ya yi yawa ga keke.

Inda ake yawan karaya

Yanzu an zo wurin da masu koyo ke cewa keke ya ƙi, ɗinki ya tattare, ko yadi na gudu. Yana da kyau a gane dalilin, don wadda ta gane ba ta zargin hannunta a banza.

A sunkuya a kalli wurin allura yayin da keke ke tafiya a hankali. A ƙasa akwai haƙora da ke tasowa su ja yadi baya, su nutse, su sake tasowa. A sama akwai ƙafar ƙarfe da ke danne yadin. In yadi biyu ne sirara, tare suke tafiya. Amma in uku ne da laushi a tsakiya, haƙora na jan na ƙasa, ƙafa kuwa na riƙe na sama tana tura shi gaba. Za ki ga wani ɗan tudu ya taso a gaban ƙafar, yana girma kaɗan kaɗan, har ya iso wani layin ɗinki ya rasa wurin zuwa, allura ta hau kansa ta mai da shi ninki. Wannan ninkin shi ne ya sa mutane da yawa suka naɗe aikin suka ajiye.

Maganinsa tun a ƙasa ake fara shi. A shimfiɗa yadin baya a kan siminti mai tsabta, fuskarsa na kallon ƙasa, a daidaita shi sumul ba tare da an ja shi da ƙarfi ba, a danne gefunansa da wani abu mai nauyi. A ɗora na tsakiya, a ɗora fuska. Na baya da na tsakiya su ɗara fuskar da santimita 5 ta kowane gefe, don ɗinki na cin yadi. Daga nan a kama su ukun da fil mai maƙulli, ko da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi, daga tsakiya zuwa baki, tazarar tafin hannu ɗaya. Aikin gundura ne, gwiwa da baya za su faɗa miki, amma rabin sa'ar da aka kashe a nan tana hana farke ɗinkin yini guda. In akwai maƙwabciya ko ƙanwa, a kira ta, hannu huɗu sun fi biyu a wannan wurin.

A kan keke kuma, a sa sabuwar allura lamba 14, ko 16 in kayan na da kauri. A tsawaita ɗinki ya kai kamar milimita 3. A saman kan keke, daidai bisa ƙafar, akwai wani noti da ake murzawa; a sassauta shi kaɗan don ƙafar ta rage dannewa. A gwada a kan ɗan guntu mai hawa uku irin na aikin, a duba sama a duba ƙasa. In zaren ƙasa na leƙowa sama, zaren sama ya yi tsauri, a sassauta shi. In na sama ne ke yin kunnuwa a ƙasa, a ɗan ƙara masa ƙarfi, ko a zare shi gaba ɗaya a sake sawa, don sau da yawa wani wuri ya tsallake. Akwai ƙafa ta musamman da ke jan yadin sama tare da na ƙasa. Wadda ta samu ta dace da kekenta ta huta, wadda ba ta samu ba kada ta jira ta.

Layin farko a tsakiya ake yin sa, daga sama har ƙasa. A nannaɗe rabin da zai bi ta ƙarƙashin hannun keke, a ci gaba da layi bayan layi zuwa dama, sannan a juya aikin a yi ɗaya rabin. Tafin hannu biyu su kwanta gefe da gefen allura, suna buɗe yadin kaɗan, ba ja ba turawa. Kada a bar nauyin bargon ya rataya daga tebur, don shi ne zai karkatar da layi ya kuma lanƙwasa allura. A jawo wani tebur ko kujera a tallafe shi. Ba sai an zana komai ba, bin gefen ɗinkin murabba'an ya wadatar. Bayan kowane zama a buɗe ƙasan keke a share burbushin auduga, a ɗiga mai.

In an gama, a datse gefuna su daidaita, a yanko tsiri mai faɗin santimita 6, a ninka biyu, a naɗe bakin da shi. Shi ke nan.

Layi ya karkace, sai me?

Zai karkace. Kusurwoyi ba za su haɗu duka ba, kuma za a sami ninki ɗaya ko biyu a baya. Teloli kan ce hannu bai faɗa ba tukuna, kuma ba ya faɗawa sai a kan aiki. Shawarata ita ce, abin da ba a hango shi daga taku uku, a bar shi a ci gaba. Wankin farko ma kan sa bargon ya ɗan tattare ko'ina, kurakurai da yawa su ɓace a ciki.

Akwai wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka, Gee's Bend, da ke cikin wata kwanar kogi. Mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Talauci da sanyi suka sa matan ƙauyen suke haɗa barguna da tsoffin wandunan aiki da buhuna da duk abin da ya samu. Layukansu ba su miƙe ba, yankansu ba ma'auni, wani wurin ma ana ganin inda gwiwar wando ta koɗe. A 2002 aka baje waɗannan barguna a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York, masana suka yi ta yabo. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan guda 10 a kan kan sarki. Matan nan ba don bango suka ɗinka ba, don 'ya'yansu su yi barci suka yi. A yankin Karnataka na Indiya ma, matan Siddi, waɗanda asalinsu 'yan Afirka ne, suna haɗa irin nasu da tsoffin tufafin iyali. Ba na kawo waɗannan don in ce bargon Onklou zai je New York ba. Na kawo su ne don a ga cewa karkataccen layi bai taɓa hana bargo kyau ba, balle ɗumi.

Batun kasuwa, da roƙo ga iyayen gidan sana'a

Ba zan yi wa kowa alkawarin arziki ba. Babban bargo na cin kwanaki, kuma ba zai yi gogayya da gwanjo a farashi ba. Ribar farko ita ce kuɗin da bai fita daga gida ba. In hannu ya faɗa, ƙananan kaya ne suka fi saurin shiga: shimfiɗar jariri ta kyautar suna, jakar makarantar allo ko ta boko, abin naɗe kular abinci don ya riƙe zafi, shimfiɗar kujerar babur ga masu zirga-zirga a hanyar Djougou da Parakou mai tsawon fiye da kilomita 130. Waɗannan ba sa cin yadi da yawa, kuma mai saye na ganin amfaninsu nan take. Daga baya, mai sha'awa na iya rufe haƙoran keke da ɗan kati, ta riƙa juya yadin da hannunta tana fitar da zane mai lanƙwasa. Wannan sai an ɓata guntaye da dama kafin ƙafa da hannu su daidaita, don haka a bar shi sai aiki na huɗu ko na biyar.

Maza ma abin ya shafe su, don shagunan ɗinki da yawa nasu ne, kuma buhun ƙyallen a hannunsu yake. A Benin yaro ko yarinya kan shafe shekaru a gaban mai koyarwa kafin a yaye su, kuma akwai jarrabawar shaidar ƙwarewa ta gwamnati da ake kira CQM. A watannin farko, aikin ɗan koyo bai wuce shara da guga da ɗinkin maɓalli da aike ba, don ba wanda zai damƙa shaddar mutane a hannun da bai faɗa ba. Wannan gaskiya ne. Amma ƙyallen da za a zubar ba shi da mai shi da zai zo ya yi faɗa. Murabba'i 63 na nufin yanka 63 a kan awo, da ɗinki miƙaƙƙe fiye da 60 mai tazara ɗaya, da guga bayan kowanne, wato ainihin abin da ake so ɗan koyo ya ƙware a kai kafin ya taɓa rigar kowa. Malam, Hajiya, in an tashi daga aiki da yamma, a ba yarinyar da ke koyo buhun, a ba ta keken da ke kusurwa na sa'a guda, a duba mata zaren ƙasa kafin ta fara.